Haƙƙin Ƙirƙira da Dabarar Zaburar da Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Tiyata Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a bakin kogi a ƙasar Hausa, ko kuwa ya taɓa zama da masunta, ya san minjirya, kifin nan mai sulɓin jiki wanda in ka kuskura ka taɓa shi sai ka ji wani abu ya fizge ka tun daga yatsa har kafaɗa. Abin da minjirya take yi wa hannun masunci, shi ne likitocin Turai da Amurka suka daɗe suna neman hanyar yi wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, amma fa bisa awo, a daidai gurbin da suke so, kuma ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba. Sun kuwa sami hanyar, har ta zama sana'a mai kawo kuɗi. Da yake duk inda kuɗi ya shiga sai an tambayi mai abu, sai ga maganar mallaka ta biyo baya. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba rawar da dokar haƙƙin ƙirƙira ta taka a wannan fanni, watau abin da ta kawo, da kuma abin da jama'a suke zaton tana shaidawa alhali kuwa ba ta shaida shi ba.

Mece Ce Takardar Haƙƙin Ƙirƙira?

Bahaushe ya san asirin sana'a. Maƙeri ko wanzami ko mai maganin gargajiya yakan riƙe laƙaninsa a ciki, ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa ko yaron da ya daɗe yana yi masa barance, wani lokaci ma har ya mutu da abinsa. Takardar haƙƙin ƙirƙira kishiyar wannan al'ada ce. Ciniki ne tsakanin hukuma da mai ƙira. Hukuma ta ce masa, ka fito da asirinka fili, ka rubuta shi dalla-dalla yadda duk wani gwanin sana'ar zai iya karantawa ya ƙera irinsa. Mu kuma mun yi maka alkawarin hana kowa ƙerawa ko sayarwa sai da izninka, har zuwa wani wa'adi. In wa'adin ya cika, ƙirar ta zama ta kowa. Kalmar da Turawa suke kiran takardar da ita ma daga Latin ta samo asali, ma'anarta kuwa buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Birnin Venis na Italiya ne ya fara tsara irin wannan doka a 1474, da wa'adin shekara 10. Ingila ta yi tata a 1624 da wa'adin shekara 14. Tun daga 1995, lokacin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fara aiki, mafi yawan ƙasashe suka daidaita a kan shekara 20, ana ƙidayawa daga ranar da aka shigar da takardar nema. Sharuɗɗan da ake dubawa uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane ma'abucin sana'ar zai hango da sauƙi ba ne, sa'an nan ya zama mai yiwuwar amfani. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. Jami'in da yake duba takardar ba likita ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya tabbatar cewa na'urar tana warkar da kowa. Wannan aikin wata hukuma ce dabam.

Tsohon Tunani

Tunanin yin magani da lantarki ya girmi ilmin lantarkin kansa. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa ana ɗora wani kifin teku mai fizga a kan mai ciwon kai har wurin ya yi sanyi. Wajen 1801, Giovanni Aldini na birnin Bologna ya gwada lantarkin batir a kan wani manomi mai fama da tsananin baƙin ciki. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano ƙa'idar da dukkan wannan fanni ya ginu a kanta, watau idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa da sauri, yakan haifar da lantarki a cikin duk abin da ke kusa da shi wanda lantarki yake iya bi. Ƙwaƙwalwa kuwa irin wannan abu ce, da yake jiƙe take da ruwa mai gishiri, kuma ƙwayoyin jijiyoyinta da ɗan ƙaramin lantarki suke aika wa juna saƙo.

Abin mamaki shi ne, tun a 1902 wasu mutum biyu na birnin Viyana, Adrian Pollacsek da Berthold Beer, suka nemi takardar haƙƙin wata na'ura mai naɗin waya da za a riƙa ɗorawa a ka don maganin baƙin ciki da ciwon jijiya. An kuwa ba su. Amma takardar ba ta warkar da kowa ba, domin injinan zamanin ba su iya sakin lantarki mai ƙarfi da saurin da ake bukata. Wa'adinta ya cika, aka manta da ita. A wancan zamani kuma kasuwannin Amurka cike suke da ɗamarar lantarki da ake tallatawa a kan tana maganin kasala da ciwon baya da raunin mazakuta, masu ita suna taƙama da kalmar haƙƙin ƙirƙira don masu saye su ɗauka hukuma ta shaida ingancinta. Wannan damfara ta zubar da mutuncin maganin lantarki shekaru da dama. Hanyar da ta rage a asibitoci ita ce wadda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka ɓullo da ita a Roma a 1938, wadda da gangan take sa majinyaci ya yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba ita ce muke magana a kai ba a nan. Hanyoyin da muke nufi majinyaci yana zaune a kujera ido biyu ake yi masa, ya tashi ya koma gida da ƙafarsa.

Gammon Waya na Sheffield

Babbar matsalar ita ce ƙoƙon kai. Ƙashi ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi. A 1980 Patrick Merton da Bert Morton na Landan suka nuna cewa in an ƙara wa lantarkin ƙarfi sosai yana ratsawa har ya motsa tsokar hannu, amma zafin da yake yi wa fatar kai ba kowa ke iya jurewa ba. Shi kuwa maganaɗisu ba ruwansa da ƙashi, wucewa yake yi abinsa. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa Reza Jalinous da Ian Freeston, na birnin Sheffield a Ingila, suka naɗa wayar tagulla kamar gammo, suka ɗora a kan mutum, suka sake mata lantarki mai ƙarfin gaske na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Sai hannun mutumin ya motsa ba da nufinsa ba, kuma bai ji wani zafin kirki ba. Suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet a cikin shekarar. Turawa suna taƙaita sunan dabarar da TMS. Mu a nan sai mu kira ta zaburarwar maganaɗisu.

To, a nan ne fa maganar mallaka ta ɗauki wani salo. Ƙa'idar Faraday ba ta mallakuwa, domin doka ba ta yarda wani ya ce shi ne mai wata ɗabi'a ta halitta ba. Tunanin ɗora naɗin waya a ka shi ma ba sabo ba ne, ga takardar mutanen Viyana nan tana shaida. Abin da aka riga aka buga a mujalla kuwa ya fita daga sahun sabon abu. Saboda haka ƙofa ta kasance a buɗe, kamfanoni a Birtaniya da Denmark da Amurka suka shiga ƙera injinan, ɗakunan bincike suka yi ta saye. A 1988 Shoogo Ueno na Japan ya nuna cewa in aka haɗa gammo biyu gefe da gefe, kamar siffar lamba 8, ƙarfin yakan taru a mahaɗarsu, a sami damar auna ɗan ƙaramin gurbi a ƙwaƙwalwa. A 1995 Mark George da abokansa, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka ba da rahoton cewa maimaita bugun a gefen hagu na goshi kullum yana rage ciwon tsananin damuwa. Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan manyan matakai a jami'o'i da asibitocin gwamnati aka taka su, aka kuma baza su a fili.

Inda Takarda Ta Yi Rana

Wani zai ce, to, ashe ke nan takardar ba ta da wani amfani, kura da shan bugu ne kawai gardi da karɓar kuɗi. Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma in aka bi labarin sosai za a ga ba a nan gizo yake saƙar ba. Shekara 23 aka yi tsakanin gwajin Sheffield da ranar da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a yi wa majinyata magani da injin. Dalili kuwa shi ne hukumar ba ta yarda sai an yi babban gwaji, a raba majinyata kashi biyu, a yi wa wasu da injin gaske, wasu da na ƙarya mai ƙara iri ɗaya, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Irin wannan gwaji yana cin miliyoyin daloli. Malamin jami'a ba shi da su, ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba jarinsa a gonar da ba ta da shinge.

Shingen ya samu ne daga siffar gammon. A cikin shekarun 1990, Charles Epstein na Jami'ar Emory da wani injiniya, Kent Davey, suka sami takardu a kan gammo mai ƙarfe a tsakiya, wanda ba ya cin lantarki da yawa kuma ba ya saurin ɗaukar zafi. Kamfanin Neuronetics, wanda aka kafa a 2003 a jihar Pennsylvania, ya karɓi lasisin waɗannan takardu, ya tara jari da su, ya ɗauki nauyin gwaji a kan majinyata 301. Haka nan Abraham Zangen da Yiftach Roth suka ƙirƙiro wani naɗi mai kama da hular kwano wanda ƙarfinsa yake ɗan ƙara nutsawa ciki. Da yake Zangen yana aiki a cibiyar gwamnatin Amurka ne a lokacin, takardar ta zama ta gwamnati, ita kuma ta ba kamfanin Brainsway na birnin Ƙudus lasisi shi kaɗai. Wannan kamfani ya sami amincewar hukuma don ciwon damuwa a 2013, don ciwon waswasi a 2018, don daina shan taba a 2020. Abin da ya sauƙaƙa wa jami'o'in Amurka irin wannan ciniki shi ne wata doka ta 1980, wadda ake kira Bayh-Dole, da ta ba su iznin mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati.

Sai dai kada mu wuce labarin Neuronetics da gaggawa, domin akwai darasi a ciki. Gwajin nan na mutum 301 bai cim ma babban ma'aunin da aka sa masa ba, da ƙyar ya kuskure shi. Kwamitin masana da hukuma ta kira a farkon 2007 bai gamsu ba. Sai a watan Oktoba na 2008 aka ba da izni, shi ma a kan wani rukuni na majinyata kawai, watau waɗanda suka gwada ƙwayar magani iri ɗaya ba ta yi musu aiki ba. Ga kamfani da takardu a hannu, amma takardun ba su hana shi shan tambaya ba ko kaɗan. Daɗin daɗawa, bayan ya share hanya, sai ga kamfanonin Magstim da MagVenture sun sami izni a 2015 ta hanya mai sauƙi, watau ta nuna cewa injinansu daidai suke da wanda aka riga aka amince da shi. Shingen ya kare siffar gammo ɗaya ne kurum, bai kare gonar duka ba. A ganina wannan shi ne daidai, kuma shi ya sa fannin bai zama na mutum ɗaya ba.

Wa Ya Mallaki Tsarin Bugu?

Rigimar da ta fi wuya ba a kan ƙarfe da waya take ba, a kan hanyar amfani da su take. Injin ɗaya ne, amma sakamakon ya danganta ga inda aka ɗora gammon, da yawan bugun, da tazarar da ke tsakani, kamar dai yadda kalangu ɗaya yake ba da kiɗa iri-iri gwargwadon hannun makaɗi. Tsarin farko bugu 3,000 ne a zama ɗaya na kimanin minti 37, kwana 5 a mako, har mako 4 zuwa 6. A 2005 Ying-Zu Huang da John Rothwell da abokansu a Landan suka buga wani tsari na bugu uku-uku a jere da sauri. A 2018 wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Kanada ya nuna cewa minti 3 na wannan tsari bai gaza minti 37 na tsohon ba. Ka ga kujerar da take ɗaukar mutum ɗaya a awa yanzu tana iya ɗaukar mutane da dama. Daga baya Nolan Williams na Jami'ar Stanford ya tsara zama 10 a yini har kwana 5, ana amfani da hoton ƙwaƙwalwar kowane majinyaci don gano gurbin da za a auna. Kamfanin Magnus Medical ya karɓi lasisin wannan tsari, hukuma ta amince da shi a 2022, ko da yake gwajin da aka yi da na'urar ƙarya majinyata 29 kacal ya ƙunsa.

Shin ana iya mallakar irin wannan tsari? Amsar ta danganta ga ƙasa. Dokar Turai ta hana ba da takarda a kan hanyar yi wa jikin mutum magani ko tiyata, ta yarda da na'ura kawai, bisa hujjar cewa bai kamata a ɗaure hannun likita ba. Amurka kuwa tana bayarwa. A farkon shekarun 1990 wani likitan ido, Samuel Pallin, ya kai ƙarar wani abokin sana'arsa saboda ya yi amfani da irin yankan da shi ya yi wa rajista wajen cire yanar ido. Likitoci suka yi ca, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1996 cewa ba a cin likita tara don ya bi wata hanyar magani. Amma dokar ba ta shafi amfani da na'urar da ke da takarda ba, kuma zaburar da ƙwaƙwalwa ba ta yiwuwa sai da na'ura. A 2017 Judy Illes ta Jami'ar British Columbia da abokan aikinta suka yi gargaɗi a mujallar Nature Biotechnology game da yawaitar takardun da suke ambaton wani sashe na ƙwaƙwalwa da sunansa, suna da'awar hanyar zaburar da shi don maganin ciwo kaza. Ba sashen aka mallaka ba a shari'ance, amma in duk hanyoyin isa rijiya suna da mai su, ai kusan an mallaki rijiyar ke nan.

Kallon Kitse

Akwai wata hanya ta biyu wadda ta fi ta maganaɗisu araha nesa ba kusa ba. A 2000 Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Göttingen a Jamus suka nuna cewa ɗan raunanan lantarki, ta hanyar soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri aka manna a ka, yana canza saurin amsawar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ba ya sa su harba saƙo kamar yadda maganaɗisu yake yi, sai dai ya ɗan karkata su. Ƙarfin da ake amfani da shi miliamfiya 1 zuwa 2 ne, na kimanin minti 20, abin da ƙaramin batir mai bolt 9 yake iya bayarwa. Da yake kowane ɗalibin koyon lantarki yana iya haɗa irin wannan, babu wani abin kirki da za a yi wa shinge sai siffar abin sawa a ka da manhajar wayar da take sarrafa shi. A kan waɗannan aka yi ta neman takardu, aka fito da na'urori ana sayar wa masu wasan kwamfuta da 'yan guje-guje da ɗalibai, ana cewa suna ƙara kaifin hankali. Da yake ba su ce suna maganin wata cuta ba, sai suka kauce wa hukumar magunguna.

Da masu bincike a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka gwada ɗaya daga cikinsu, mai suna foc.us, sai suka tarar ta rage wa mutane iya riƙe abu a ka maimakon ta ƙara. A 2018 ɗakin binciken György Buzsáki ya auna a kan gawa ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkin a fata da ƙashi yake tsayawa, bai isa ƙwaƙwalwa ba. Kamfanin Halo Neuroscience, wanda ya yi suna da na'urar 'yan wasa, bai ɗore ba, a 2021 aka sayar da kadarorinsa har da takardun. Wannan ba ya nufin hanyar banza ce. Wani gwaji da André Brunoni ya jagoranta a birnin São Paulo na Barazil, aka buga a 2017, ya nuna ta fi ta ƙarya amfani ga masu ciwon damuwa, amma ba ta kai ƙwayar maganin da aka gwada ta da ita ba. Irin wannan amsa, mai ɗan daɗi da ɗan ɗaci, gwaji ne kaɗai yake ba da ita. Ba a samunta a jikin kwali.

Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 ya nuna cewa takardun fasahar ƙwaƙwalwa sun taru ne a hannun ƙasashe ƙalilan, Amurka kaɗai tana riƙe da kusan rabi. Mai karatu yana iya tambaya ko wannan ne ya hana injinan yawaita a asibitocinmu. Ni dai ban ga alama ba. Takardar haƙƙin ƙirƙira ba ta tsallake iyakar ƙasa. Wadda aka bayar a Amurka ba ta da ƙarfi a Nijeriya sai an zo an yi mata rajista a ƙarƙashin dokarmu ta 1970, ko a Nijar sai ta bi ta ofishin haɗin gwiwa da ke birnin Yawunde. Takardun gammo mai ƙarfe da aka nema a shekarun 1990 ma wa'adinsu ya riga ya cika, duk mai iyawa yana da damar ɗauko zanen ya ƙera. Abin da ya tare hanya shi ne tsadar injin, da wutar da ba ta tsayawa, da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, da kuma majinyacin da zai bar gona ko kasuwa ya riƙa zuwa asibitin birni kullum har mako shida. Wani abin lura kuma game da dokar tamu ta 1970 shi ne, magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirar sabuwa ce. Ana ba da takardar bisa alhakin mai nema, in gardama ta taso kotu ce take warwarewa. Watau na'urar da ta zo kasuwa da hatimin rajistarmu a jiki, ko sabuntar tata ma ba a tantance ba, balle maganinta.